Barkar Da Aka Yi Mana Da Wuri



Mun daɗe muna jan ƙafa kafin mu kawo wannan rubutu, saboda maganar da ke cikinsa ba irin wadda ake ɗaga murya a kanta ba ce. Maganar bayan gida ce da fitsari. Wanda ke cin abinci ya ajiye wayar tukuna, in ya wanke hannu ya dawo. Mun nemi izinin mai abin kafin mu kawo, ya ce ya yarda amma ban da suna, don haka Auta za mu kira shi, yadda ake kiransa a gida. Idan kuma kun ji mun ce "mu", to mu uku ne: Umma, da Yaya Babba, da mai wannan rubutu. Mu muka yi jinyar karɓa-karɓa, har ta kai yanzu ba ma iya rabe wa ya gani da ido, wa kuma aka ba labari.

A daminar 2023 Auta yana ɗan shekara 16, yana aji biyar na sakandare, zazzaɓi ya kama shi. Kamar kowa, muka ce maleriya ce, aka je kemis aka yi allurai. Zazzaɓin ya riƙa sauka yana hawa har sati biyu da 'yan kwanaki. Wani dare cikinsa ya murɗa, kafin asuba ya ƙame kamar allo, ko taɓawa ba ya so a yi. A babban asibiti aka ce taifot ne ya huda masa hanji. Sai a ranar muka san haka yake yi: ƙwayar cutar na shiga ta gurɓataccen ruwa ko abinci, ta je ta zauna a ƙarshen ƙaramin hanji tana cin bangonsa, in ba a tare ta da maganin da ya dace ba, a sati na biyu ko na uku ta ɓula shi, ƙazanta ta zube a cikin ciki. Da aka buɗe Auta an sami ɓula fiye da ɗaya. Aka yanke wurin da ya lalace, amma likita ya ce cikin ya ɓaci da yawa, ɗinki ba zai kama ba in aka haɗa a ranar. Sai suka fito da bakin hanjin ta gefen damansa, ƙasa da cibiya kaɗan, aka manna masa jaka tana tarar abin da ke fitowa.

Wata huɗu ya yi da jakar. Ba za mu tsaya a kansu ba, ko da yake sun isa littafi: tsadar jakunkunan, da ranakun da suka ƙare muka koma leda da filasta, da yadda ruwan ya cinye masa fata har ta yi ja kamar ƙuna. Abin lura shi ne a waɗannan watanni kowa ya san Auta ba shi da lafiya. Dangi sun yi kara, maƙwabta sun yi ta dubiya, Kawu ya sayar da tumaki biyu. Kuma addu'a ɗaya ce a bakin kowa: Allah ya kawo ranar da za a mayar da hanjin nan. Mu ma ita muke yi. A ranmu, ranar ce shafin ƙarshe.

Ranar ta zo a watan Disamba, da sanyi. Kafin nan an yi masa hoto, aka ɗura wani ruwa ta hanjin da ke hutawa don a tabbatar hanya a buɗe take. Tiyatar ba ta kai ta farko tsawo ba. Aka haɗa bakin biyu, aka mayar ciki, aka bar ramin fatar bai rufe duka ba, wai ya cike da kansa daga ƙasa don kada ya tara mugunya.

Sai jiran tusa. A gafarce mu, ba ta da wani sunan da ya fi wannan. Hanjin da aka taɓa da hannu yakan yi shiru na 'yan kwanaki, kuma alamar farko da ke nuna ya farka, hanya ta bi, ita ce iska ta fita. Kullum da safe likitoci za su zo su zagaye gadon, babbansu ya dubi yaro mai shekara 16 a gaban uwarsa ya ce, "Ka yi tusa?" Auta ya ja bargo ya rufe fuska. A rana ta uku da hantsi ta fita, har da ƙara. Wani dattijo a gadon kusa, wanda aka yi wa aikin ƙaba, ya ɗago kai ya ce, "Barka ɗana, barka!" Ɗakin ya kwashe da dariya, har Auta, yana dafe da ɗinki. Umma kuwa hawaye take sharewa. Daga wannan ba mu sake jin dariyarsa ba sai da aka haura kwana arba'in.

Mafitsara ce ta fara ba mu mamaki, domin ita ba wanda ya taɓa ta. Washegari da safe aka cire masa robar fitsari. Har la'asar ko ɗigo. Yana jin fitsarin, ya karɓi kwalba, ya yi ta nishi, shiru. Mararsa ta taso ta yi tauri. Nas ta gwada dabarunta: ta sa aka ɗaga shi tsaye, aka ja labule, aka riƙa tsiyaya ruwa daga buta cikin roba don ya ji ƙarar, aka ɗora masa tsumma mai ɗumi. Ba labari. Da magariba aka mayar da robar, sai ga kusan lita guda ta zubo. Ta ce mana wannan ba baƙon abu ba ne bayan aikin ciki. Maganin barci, da allurar kashe zafi, da raɗaɗin ɗinkin da ke hana mutum sakin jiki, da kwanciya wuri ɗaya, duk suna sa mafitsara ta cika ta kasa matsewa. Bayan kwana biyu aka sake cirewa, ya yi da kansa. Muka ce an wuce wurin. A rana ta takwas aka sallame mu.

Ranar da muka dawo gida kai ka ce haihuwa aka yi. Umma ta yi sadakar waina. Mata suka cika tsakar gida, kowa sai "barka da arziki, an rabu da wahala." Gwaggo ta zo da farfesun kaza ya sha yaji da citta, ta ce sai ya shanye a mayar da jinin da ya zuba. Ya sha don kara. Kafin baƙin su watse ya tashi sau biyar, yana tafe a duƙe yana dafa bango, ana bin sa da "sannu, ai gara ka riƙa motsa jikin."

Gidanmu gidan gado ne, sassa huɗu, ban-ɗaki ɗaya can ƙarshen gida bayan turken awaki. Daga ƙofar ɗakin Auta zuwa can taku talatin da biyu ne, mun ƙirga daga baya. Lafiyayye bai san da su ba. Kuma ba yawan zuwan ne kaɗai ke wahalar da shi ba, gaggawar ce. Tsakanin ya ji alama da abin ya fito bai wuce lokacin da mutum zai laluba takalminsa ba. Ruwa-ruwa ne, mai zafi, ya fita kaɗan, ya dawo ya kwanta, minti goma a sake kira. Da safe ga layin masu shirin makaranta da kasuwa. Da dare ga hunturu. A kwana na biyu muka ƙirga a zuci, daga asuba zuwa asuba, sau goma sha huɗu.

A dare na huɗu, wajen ƙarfe uku, muka ji ana jan guga. Sai ƙarar ruwa a roba, sai murzar sabulu a hankali, irin ta wanda ba ya so a ji. Zanin gadonsa yake wankewa a cikin wannan sanyin, da ɗinki a cikinsa, alhali likita ya hana shi ɗaukar abu mai nauyi har sati shida. Mu uku duk idonmu biyu. Ba wanda ya motsa. Kowa ya gyara kwanciya ya ja numfashi irin na mai barci, don a tunaninmu wannan ita ce sutura: kada ya san mun sani. Da safe muka ga zanin a igiya, muka wuce ta ƙarƙashinsa kamar kullum. Aka yi haka dare uku a jere. In akwai abin da har yau yake ci mana rai a jinyar nan, to waɗannan dararen ne.

Da sati biyu ya cika muka koma ganin likita. Layi ya yi tsawo, majinyata sun yi yawa. Likita ya ce, "Yaya jikin?" Auta ya ce, "Da sauƙi." Ya ce, "Bayan gida fa, yana fita?" Ya ce, "Da sauƙi." Muna zaune a gefe, mu da muka ƙirga goma sha huɗu, muka sunkuyar da kai. Likita ya duba ramin ɗinkin, ya ce yana cikewa da kyau, ya ba mu sati huɗu mu dawo. Bai yi laifi ba, abin da aka faɗa masa ya rubuta. Bahaushe ko yana gargara "da sauƙi" zai ce, kuma kyakkyawar al'ada ce a wurin mai dubiya. A gaban likita kuwa ƙofa ce muka ja muka rufe da hannunmu.

Tun da ba mai magana, Auta ya nemo wa kansa magani. Ya lura in bai ci ba zuwan yana raguwa, sai ya daina ci. A kawo tuwo ya taɓa gefe ya ture. Ruwa ma ya rage, kuma wannan yana da dalili na biyu da ba mu sani ba: fitsari ya fara yi masa zafi kamar an zuba barkono, yana fita ɗis-ɗis, ya gama ya ji kamar bai yi ba, wani lokaci ya ɗigo a wando kafin ya kai. Kwana huɗu yana ɓoye wannan. Mai gudawa da ya daina shan ruwa kuwa kun san inda ya dosa. Leɓɓansa suka bushe, ido ya faɗa, ya daina fita masallaci, abokansa suka zo ya ce a ce yana barci. Ranar da zazzaɓi ya rufe shi, muna goga masa tsumma, ya juya fuska bango ya ce, "Yaya, da ma an bar mini jakata."

Muka ce, "Subhanallahi, Auta, kada ka yi butulci." Ya ce ba butulci ba ne. Ya ce da jakar yana ganin abin da idonsa, ya san lokacin da za ta cika, ya san lokacin zubarwa, yana iya zama ya kalli ƙwallo har a tashi. Kuma a lokacin kowa ya san ba shi da lafiya. Yanzu kowa na ce masa ya warke, shi kuwa ko ƙofar gida ba ya iya kaiwa da tabbacin wandonsa. Ya ce, "Wa zan faɗa wa? Kowa barka yake yi mini."

Umma ce ta fasa ƙwan. Mun san ta da kawaici, ko sunan ɗanta na fari ba ta faɗa. Ta zauna a bakin katifar ta ce, "Auta, dube ni. Ni na wanke maka kashi shekara biyu kana jariri, na sake wanke maka wata huɗu kana da jaka. Daren nan uku da kake jan guga ina jin ka, na yi shiru, kuma na yi kuskure. Daga yau ba kunya tsakaninmu a kan wannan. Sau nawa ka je jiya?" Ya daɗe bai amsa ba. Sannan ya faɗa, har da maganar fitsarin.

A ranar muka koma asibiti, ba mu jira sati huɗun ba. Aka yi gwajin fitsari aka ga ƙwayar cuta ta shiga mafitsara, abin da likita ya ce yana yawan biyo bayan robar fitsari, musamman da aka sa ta sau biyu, rashin shan ruwa kuma ya ƙara mata wuri. Aka yi masa ƙarin ruwa, aka ba shi magani, aka gargaɗe mu cewa maganin kansa zai iya ƙara gudawar na 'yan kwanaki. Ya ƙara kuwa.

Wannan karon da likita ya ji lissafi na gaskiya sai ya ajiye biro ya yi mana bayanin da muka so a ce mun ji tun kafin sallama. Ya ce aikin babban hanji shi ne ya tsotse ruwa daga abin da ƙarami ya turo masa, ya riƙe sauran har lokacin da mutum ya shirya. Na Auta ya yi wata huɗu ba abin da ya bi ta cikinsa, bangonsa ya yi laushi ya ɗan kumbura, ya manta riƙo. Naman da ke matse dubura shi ma ya saki don rashin aiki, kuma wurin ya daina bambance iska da ruwa, shi ya sa yake ganin tusa ce sai ya ga ba ita ba. Mu da muka yi foli nan take muka gane, mun san yadda ɗalibi ke komawa aji bayan dogon yajin aiki. Ya ƙara da cewa ƙarshen ƙaramin hanji, inda aka yanke wa Auta, shi ne wurin da jiki ke mayar da ruwan maɗaciya, in wurin ya ragu sai ruwan ya gangara babban hanji ya jawo gudawa mai zafi. Ya ce yawanci abin yana lafawa, amma da makonni ake auna shi, wani ma da watanni. Ya kuma faɗa mana abubuwan da ba a kwana da su a gida: zazzaɓi, ko ciki ya kumbura ya yi tauri, ko amai kore, ko bayan gida da iska su tsaya cak, ko jini. Waɗannan na iya nufin ɗinkin cikin ya saki ko hanya ta toshe.

Ya ce mu riƙa rubuta komai. Littafin da mai wannan rubutu ya saya don fara labarinsa na biyu, mai bango ja, shi ya zama littafin lissafin bayan gida. Kowane shafi rana guda: ƙarfe nawa, me ya ci, sau nawa ya je, ruwa ne ko ya ɗan yi kauri, fitsari ya yi zafi ko bai yi ba.

Littafin nan ya koya mana abin da baki bai iya faɗa ba. Yaji da citta, sai an biya da dare. Wake, da kabeji, da lemon kwalba, iska da ƙugi. Madara ba ta karɓe shi ba sam a farkon. Farar shinkafa, da tuwonta da miya marar yaji, da ayaba, da dafaffen dankali, su suka riƙa ɗaure cikin. Aka daina cika masa kwano sau uku, aka koma kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida, na ƙarshe kafin magariba don dare ya yi sauƙi. Ruwan gishiri da sukari na fakiti kullum yana cikin jug a gefensa. Umma ta sayo fo mai murfi, muka ja labule a kusurwar ɗakinsa, taku talatin da biyu ya koma uku. Aka shimfiɗa leda ƙarƙashin zanin gado, aka ajiye wani zanin a ninke kusa da filo, ba tare da an ce komai ba, amma wannan karon shirun daban ne. Fatar wurin da ta saɓule, sai wanki da ruwan ɗumi ba sabulu, a danna tsumma mai laushi maimakon gogewa, a shafa farin man nan mai sinadarin zinc da ake shafa wa jarirai. Nas ta koya masa motsa naman wurin: ya matse kamar mai riƙe iska, ya ƙirga biyar, ya saki, sau goma, safe da rana da dare. Maganin rage gudu kuwa sai da aka yi gwajin bayan gida aka tabbatar ba wata cuta likita ya rubuta masa, ya kuma ja mana kunne kada mu ƙara ƙwaya ko ɗaya da ra'ayinmu.

An yi rigima da Gwaggo. Ta ce wannan ɗan kanoma ne ko basir, ta kawo jiƙo a galan. Umma ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya, ta ajiye bayan randa. Da Gwaggo ta gane ba a ba shi ba ta yi sati biyu ba ta shigo sashenmu ba. Mun ji ba daɗi, don ƙauna ce ta kawo ta. Amma hanjin da aka ɗinka sati uku da suka wuce ba wurin gwaji ba ne.

Abin da ya fi tsaya wa Auta a rai ashe sallah ce. Yana alwala, kafin ya kai raka'a ta biyu ya ji ɗigo, ya sallame, ya wanke, ya sake. Wata rana sau huɗu ya sake azahar, ya zauna a kan dadduma yana kuka. Muka je wurin malamin unguwarmu, muka daure muka faɗa masa da sunan abin. Ya ce ai malaman fiƙihu sun daɗe da yin babi a kan wannan, suna ce masa salas. Ya ce a mazhabar Malikiyya, abin da ke fita ba da ikon mutum ba, in yana lazimtarsa rabin lokaci ko fiye, ba ya karya alwala. Ya ce ya sa tsumma ya tsare tufafinsa gwargwadon iko, ya yi alwala in lokaci ya shiga, ya yi sallarsa kada ya waiwaya. Da muka dawo muka faɗa masa, daren nan ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba.

A nan bari mu ɗan taɓa kanmu, mu masu alƙalami. A littattafanmu in jarumi ya shiga tiyata, layi biyu ne: likita ya fito yana share gumi ya ce an yi nasara, a babi na gaba an sallamo shi ana shirin biki. Mu ma mun rubuta hakan a labarinmu na farko. Harshenmu kuma ya tara kalmomin kewaye: zagayawa, kama ruwa, bayan gida, biyan buƙata. Suna da kyau, ba mu ce a zubar da su ba. Sai dai duk wanda ya karanta littattafanmu kaɗai zai ɗauka jinya a ƙofar asibiti take ƙarewa, kuma mu ma da wannan zaton muka shiga gida ranar sadakar waina.

Sauƙin ya zo a hankali har ba mu san ranar da ya zo ba. A sati na shida littafin na nuna bakwai. A wata na uku, huɗu ko biyar, dare kuma sau ɗaya ko babu. Azumin 2024 bai yi ba, likita da malam suka haɗu a kan haka. Makaranta ya rasa shekara guda, ya maimaita aji biyar, kuma Yaya Babba ta je ta yi wa malamin ajinsu bayani aka ba shi kujerar bakin ƙofa da izinin fita ba sai ya ɗaga hannu ba. Juma'ar farko da ya je masallaci a sahun ƙarshe ya tsaya, kusa da hanyar fita. Yanzu yana zuwa sau biyu ko uku a rana, yana buga ƙwallo, in ya yi rashin ji ya ci tsire da yaji shi ya san abin da zai biya. Har yau in muka shiga baƙon wuri, abin da idonsa ke fara nema shi ne ban-ɗaki.

Da muka gama rubutun nan muka miƙa masa wayar ya karanta kafin mu saka. Ya karanta a tsanake har ƙarshe, ya yi dariya a wurin dattijon nan mai barka. Sannan ya koma sama ya nuna da yatsa ya ce, "Yaya, a nan akwai gyara. Ba sha huɗu ba ne ranar. Sha shida ne, biyu ban kai ƙofa ba."